Haɗa Harshen Waje da Labarin Ƙasa a Jami'a: Taura Biyu Za Ta Taunu?

Wata ɗaliba da ke shirin shiga jami'a ta rubuto da wannan tambaya: "Malam, tun ina sakandare darussa biyu ne suka fi kwanta mini, labarin ƙasa da Faransanci, ga shi kuma sha'awar Sifaniyanci ta fara kama ni. Na ga akwai jami'o'in da ke barin mutum ya haɗa harshe da labarin ƙasa a digiri ɗaya. Wasu na ce mini haɗin gambiza ne, zan fito ban ƙware a ko ɗaya ba. Me kake gani?"

'Yata, masu ce miki haɗin gambiza ne suna da tasu gaskiyar, bari in fara ba su ita. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma na ga ɗaliban da suka ɗauki wannan haɗi suka fito da Faransancin da bai wuce na gaisuwa da tambayar hanya ba, da labarin ƙasar da bai kai su ga iya haɗa taswira ɗaya a kwamfuta ba. Shekara huɗu cur, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Na kuma ga waɗanda suka fito sun yi wa 'yan ajinsu na sassan biyu fintinƙau. Da na riƙa lura da abin da ya raba su, sai na ga abu ɗaya ne ke maimaita kansa: waɗanda suka ci riba suna da wani yanki na duniya da suka sa a gaba. Wani dajin Amazon ne ya hana shi barci, wata biranen Arewacin Afirka, wani kogunan kudu maso gabashin Asiya. Harshen ya zama musu ƙofar shiga yankin, labarin ƙasa kuma ya zama idon da za su kalle shi da shi. Waɗanda suka yi asara kuwa sun ɗauki darussa biyu ne don kowanne yana burge su, suka yi ta karatunsu kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa kanki ita ce: wane wuri ne a bayan ƙasa kike son ki sani ciki da bai?

Ilimin nan kansa ba a harshe ɗaya aka haife shi ba. A 1154 Al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roger na Biyu na tsibirin Sisili taswirar duniya da littafin bayaninta, da Larabci, kudu tana sama arewa tana ƙasa. Alexander von Humboldt, wanda ake lissafawa cikin iyayen labarin ƙasa na zamani, Bajamushe ne, amma daga 1799 zuwa 1804 yana can yana ratsa ƙasashen Amurka da ke hannun Sifaniya a lokacin, yana hawan duwatsu yana auna zafi da tsayi da irin tsirran da ke kowane mataki, da ya dawo kuma da Faransanci ya rubuta mafi yawan rahoton tafiyar. Ina yi wa ɗalibaina raha cewa shi ya fara yin kwas ɗin da kike tambaya a kai.

Wani zai ce ai duk an fassara waɗannan ayyuka. An fassara wasu, amma ki duba tsawon jiran. Nazarin von Thünen kan yadda nisa daga kasuwa ke tsara abin da manomi zai shuka ya fito da Jamusanci a 1826, bai samu fassarar Ingilishi ba sai 1966. Na Walter Christaller kan yadda garuruwa ke jeruwa manya da ƙanana ya fito a 1933, shi ma sai 1966. Littafin Henri Lefebvre kan yadda al'umma ke ƙera sararin da take rayuwa a ciki ya fito da Faransanci a 1974, masu Ingilishi ba su same shi ba sai 1991. Milton Santos na Birazil, wanda ya karɓi lambar Vautrin Lud a 1994, lambar da ta fi kowace daraja a wannan fanni, da harshen Fotugis da Faransanci ya yi rubuce-rubucensa, kuma ya bar duniya yawancin masu Ingilishi kaɗai ba su karanta shi ba. Waɗannan manya ke nan. Ƙananan masu bincike da ke rubutu a mujallun jami'o'in ƙasashensu, babu mai fassara su har abada.

Ko kalmomin da ke cikin littafin darasinki shaida ne. Karst da loess da inselberg ta hanyar Jamusanci suka shigo, fjord daga Norwe, tsunami daga Japan, El Niño daga masuntan gaɓar Peru masu Sifaniyanci. Sunayen ƙasar noma irin su chernozem da podzol Rashanci ne, domin a Rasha Dokuchaev ya aza harsashin nazarin ƙasar noma a ƙarshen ƙarni na 19. Monsoon asalinta mausim ce ta Larabci. Kalmar hamada ma da muke faɗa kullum, a bakin masu wannan fanni ba kowace sahara ake nufi da ita ba: hamada ita ce shimfiɗaɗɗen tudun dutse da iska ta share wa yashi, erg shi ne tekun yashi, reg kuma filin tsakuwa, dukkansu daga Larabcin mutanen Sahara.

A ɓangaren rayuwar jama'a abin ya fi haka zurfi, don nan fassara kan yi ɓarna. Littafin Ingilishi zai tattara favela ta Birazil da bidonville ta ƙasashen Faransanci da gecekondu ta Turkiyya ya kira su da suna ɗaya, unguwannin marasa galihu. Amma gecekondu ma'anarta abin da aka kafa cikin dare, kuma sunan yana ɗauke da labarin yadda mutane ke gina ɗaki kafin gari ya waye don hukuma ta tarar da shi a tsaye. Bidonville garin gwangwani ne, sunan yana nuna kayan ginin. Favela sunan wata bishiya ce da ya koma sunan wani tudu a Rio, daga nan ya bazu. Uku ne daban, da tarihi daban da dokar fili daban. Haka hukou a Sin, rajistar da ke ɗaure mutum da garin da aka rubuta shi: in ba ki fahimce ta ba, ba za ki gane ƙaurar miliyoyin mutane daga karkara zuwa biranen ƙasar ba.

Sai kuma kayan aiki na yau da kullum. Ƙidayar jama'a, rajistar filaye, tsarin raya birni, rahoton ambaliya, takardun zaman majalisar ƙaramar hukuma, jaridar gari, duk da harshen ƙasar ake rubuta su. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, da ta Birazil, IBGE, da ta Meziko, INEGI, suna fitar da bayanai masu ɗimbin yawa, abin da suke juyawa zuwa Ingilishi kuwa ɗan taƙaitawa ne. Ki lura ma, biyun ƙarshen nan kalmar labarin ƙasa na cikin sunansu, don a can ƙidaya da taswira gida ɗaya suke. Hukumar binciken sararin samaniya ta Birazil tana auna saran dajin Amazon da hotunan tauraron ɗan adam tun 1988, muhawarar da ake yi a kan alƙaluman kuma da Fotugis ake yin ta.

Abin da ya fi duk wannan a wurina shi ne fita fili. Na taɓa zuwa bincike wata ƙasa da ban ji harshenta ba, kan yadda manoma ke raba ruwan rani a tsakaninsu. Na yi wa wani dattijo tambaya ta bakin tafinta. Dattijon ya yi kusan minti biyar yana magana, ya nuna gabas ya nuna yamma, mutanen da ke zaune suka kwashe da dariya, ɗaya ya taso masa da gardama. Tafinta ya juyo ya ce mini: "Ya ce ruwa ba ya isa." Shi ke nan. Binciken da na je yi yana cikin minti biyar ɗin nan, na dawo da jimla ɗaya. Tafintan ba mugu ba ne, ya ba ni abin da yake ganin ya dace baƙo ya ji. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in yana jin amsar da aka ba shi.

To, yaya ake gina digirin? Ya danganta da ƙasa. A Ingila shekarar karatu kiredit 120 ce, wato makin da ake auna nauyin darussa da shi, kuma ƙaramar kalma a sunan kwas tana da nauyi: in an haɗa darussan biyu da "and", yawanci rabi da rabi ne, in kuwa da "with" ne, na farkon shi ne babba, harshen ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Digirin da ba harshe shekara uku ne, mai harshe kan zama huɗu saboda shekarar da ake yi a waje. A Sikotilan digirin shekara huɗu ne tun asali, kuma shekaru biyun farko suna da faɗi, mutum na iya ɗanɗana darussa kafin ya tsayar da shawara. A Amurka ana ɗaukar babban fanni da ƙarami, ko manya biyu. Jami'o'in Jamus da yawa suna da digirin farko mai fanni biyu. Kada ki tsaya ga sunan kwas, ki nemi jerin darussan kowace shekara ki karanta shi layi-layi.

Ga inda taurar take da tauri. In kin raba kiredit biyu, rabin labarin ƙasa kawai za ki samu, dole a zubar da wasu darussa. Ɗalibai kuma, da yake ɗan adam yana son sauƙi, sukan zubar da masu lissafi: ƙididdiga, nazarin hotunan tauraron ɗan adam, da GIS, wato sarrafa taswira da bayanai a kwamfuta. Suna cewa ai ni mutumin harshe ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada. Waɗannan darussa su ne abin da mai ɗaukar aiki zai iya gwadawa ya gani da idonsa. Tarihin ra'ayoyin masana kina iya karanta shi a ɗakinki bayan kin gama, amma manhajojin GIS irin su QGIS ko ArcGIS sai kin zauna gaban na'ura wani yana duba kurakuranki. Ki riƙe su gam, ki riƙe fita fili, sauran a yi ciniki a kansu.

Akwai kuma abin da ɗalibai ba sa sani sai sun shiga: sashen harshe ba makarantar koyon magana ba ce. Kaso mai yawa na abin da za ki yi a can adabi ne da tarihi da fina-finai da fassara. In kina son su, madalla, don labarin ƙirƙira kan nuna miki yadda mutanen birni ke ji da birninsu fiye da teburin alƙaluma. In kuwa waƙoƙin ƙarni na 17 za su gundure ki, ki nemi jami'ar da sashen harshenta ke da darussa kan siyasa da al'umma da ƙasashen da ke magana da harshen a wajen Turai. Sannan yanayin aikin biyun ya bambanta. Harshe kamar shuka yake, kullum sai an ba shi ruwa, ko da rabin awa ne. Labarin ƙasa kuwa a guguwa yake zuwa: mako guda a daji, sai rahoto, sai taswira. Makon da kika tafi fili, ajin nahawu bai tsaya jiranki ba. Sassan biyu sau da yawa ba sa tuntuɓar juna wajen tsara jadawali, kuma in karo ya faru ke ce za ki yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi. Wannan ya fi tsanani ga mai son ɓangaren duwatsu da ruwa da yanayi, saboda awoyin ɗakin gwaji. Shi ya sa haɗin ya fi zama daram da ɓangaren jama'a: birane, ƙaura, raya ƙasa, siyasar iyakoki. Ba wai ɗayan ba ya yiwuwa ba ne, mai nazarin ƙanƙarar duwatsun Andes ma yana buƙatar Sifaniyanci.

Zaɓen harshe kuma lissafi ne na lokaci. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta kiyasta cewa mai Ingilishi yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, amma Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci sai kusan awa 2,200. Lissafin zai sauya gwargwadon harsunan da mutum ya riga ya sani, amma ya ishe ki ganin cewa fara Sinanci daga baƙaƙe da rabin digiri ba wasa ba ne. Mai zaɓen Larabci kuma ya san cewa abu biyu zai koya: na littafi da jarida, da na bakin mutanen ƙasar da zai je, don Larabcin kasuwar Maroko da na Masar ba ɗaya ba ne, kuma manomi ba da fusha, wato Larabcin littafi, zai ba shi labarin gonarsa ba. Ma'aunin ƙwarewar harshe da aka fi amfani da shi shi ne na Majalisar Turai (Council of Europe) da ya fito a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. A B2 ne za ki iya zama ajin jami'a ki bi lacca, a C1 ne za ki iya yin hira da mutum ki gane abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa. In kwas ɗin ba zai kai ki C1 ba, harshen ado ne.

Shekarar waje ita ce zuciyar digirin, kuma nan aka fi yin almubazzaranci da ita. Yawanci ana ba da zaɓi uku: karatu a wata jami'a, taimaka wa malamin Ingilishi a makaranta, ko aikin koyon sana'a. A Turai shirin Erasmus, wanda aka fara a 1987, shi ya sauƙaƙa wannan musaya. Birtaniya ta fita daga cikinsa bayan ta bar Tarayyar Turai, ta kafa nata mai suna Turing a 2021, abin da ke nuna miki cewa dokokin kuɗi da biza suna sauyawa, sai ki tambayi halin da ake ciki a shekarar da za ki tafi. Shawarata ita ce ki yi rajistar darussan labarin ƙasa da harshen ƙasar, tare da 'yan ƙasar, ko da watan farko za ki fito aji kanki na juyawa. Za ki ga yadda Faransawa ke koyar da fannin manne da tarihi, da yadda suke sa ɗalibi ya zauna da taswirar yanki ɗaya ya yi mata sharhi dalla-dalla. Ki guji rukunin baƙin ɗalibai da ke yini suna Ingilishi da juna. Ƙaramin gari ya fi babban birni wajen tilasta wa harshe fitowa. Kuma tun kafin ki tafi ki tsayar da batun kundin kammala digirinki, ki samu izinin bincike daga sashenku, don ki dawo da hirarraki da taswirori da alƙaluman da babu wani a ajinku da zai iya samowa. A wannan kundi ne darussan biyu ke zama abu ɗaya.

Batun aiki, ba zan yi miki romon baka ba. Ɗalibai kan yi mafarkin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma gaskiya ne harsunanta na hukuma shida ne, Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, sakatariyarta kuma da Ingilishi da Faransanci take aiki. Hukumar muhalli da ta matsugunan jama'a suna Nairobi, ta abinci da noma tana Rum, ta yanayi tana Janeba, duk wuraren da mai labarin ƙasa ke da abin yi. Kogi ma ba ya sanin iyaka: Danube ƙasa 10 yake ratsawa, kuma duk inda ruwa ya haɗa ƙasashe sai an samu hukumar da ke zama da harsuna fiye da ɗaya. Amma irin waɗannan kujeru yawanci sai da digiri na biyu da gogewar shekaru. Abin da ya fi kusa shi ne ƙungiyoyin agaji, kamfanonin tantance illar ayyuka ga muhalli, sufurin kaya tsakanin ƙasashe, makamashi, yawon buɗe ido, aikin jarida, koyarwa. A mafi yawansu don abin da hannunki ya iya za a kira ki, harshen ne zai sa a zaɓe ki a bar na kusa da ke, kuma shi zai sa a tura ki inda wasu ba za su iya zuwa ba. In kuma aikin tafinta kike so, wannan sana'a ce mai horonta daban, digirin nan shi kaɗai ba zai ba ki ita ba.

Na san za a ce miki waya ma tana fassara yanzu. Tana yi, ni ma ina amfani da ita wajen leƙa rahoto in ga ko ya cancanci karatu. Amma ba ta san wace takarda za ki nema ba, ba ta karanta rubutun hannu a tsohuwar rajistar fili yadda ya kamata, kuma babu dattijon da zai buɗe cikinsa kan rikicin gona ga wanda ya miƙo masa waya a baki.

In jami'ar da kika samu ba ta da wannan haɗi, kada ki ɗauka ƙofa ta rufe. Ki yi labarin ƙasa zalla, ki bi harshen ta gefe a cibiyoyin koyon harshe irin su Alliance Française ko Goethe-Institut ko Instituto Cervantes, ki zauna jarrabawar da duniya ta sani. Takardar DELF da DALF ta Faransanci ba ta tsufa, in kin samu kin samu ke nan. Wannan hanya ma tana da fifiko ɗaya: ba ki zubar da ko darasi ɗaya na labarin ƙasa ba. Abin da za ki rasa shi ne shekarar waje, sai ki nemi cike gurbinta a digiri na biyu. Akasin haka, wato yin harshe zalla da niyyar tsintar labarin ƙasa daga baya, ya fi wuya, don ɗakin gwaji da fita fili ba a samun su a ajin yamma.

Game da ke kuwa, tunda kin riga kin yi nisa a Faransanci, shi za ki haɗa, in har akwai wani yanki mai magana da shi da ke ja miki hankali. Sifaniyancin ki ajiye shi tukuna. Taura biyu ma da dabara ake tauna ta, balle uku, kuma wanda ya kai C1 a Faransanci zai tarar da Sifaniyanci ya yi masa sauƙi sosai, don 'yan uwa ne, daga Latin suka fito. Kafin ki cika fom, ki rubuta wa sassan biyu. Ki tambayi sashen labarin ƙasa ko ɗaliban haɗaka na da damar shiga darussan GIS da tafiye-tafiyen fili daidai da kowa, da kuma ko za a bar ki ki yi kundinki da bayanan da kika tattaro a waje. Ki tambayi sashen harshe wane mataki ɗalibansu ke kaiwa a ƙarshe, da jami'o'in da suke musaya da su, sannan ki duba da kanki ko waɗannan jami'o'in suna da sashen labarin ƙasa. Ki kuma tambaya ko bayan shekarar farko ana iya komawa fanni ɗaya ba tare da an maimaita shekara ba. In ya yiwu, ki nemi a haɗa ki da wani ɗalibin shekarar ƙarshe da ke kan wannan haɗi, ki tambaye shi sau nawa jadawalinsa ya yi karo, da kuma wanda ya warware masa.